Wasiƙar da Ba a Roƙonta

Jama'a, yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ku yi min uzuri. Masu turo min saƙo kullum kuna cewa, "Noemí, ke kam kin tsinci dami a kala, jikan masu gari guda!" to ku gyara zama ku ji irin damin da na tsinta.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Noemí Barrera, shekarata ashirin da bakwai. Ina zaune da mahaifiyata Ofelia, wadda nake kira Amá, a wani ƙaramin gari da ke gaɓar tafkin Michigan. Amá ce ta kafa gidan rainon yara na Semillitas shekara ashirin da biyu da suka wuce, a ɗakin ƙasa na wani tsohon coci, da yara biyar da shimfiɗar roba ɗaya. Yau yaranmu sittin da huɗu ne. Iyayensu ma'aikatan yankan talotalo ne da masu tsinkar 'ya'yan itacen buluberi, mutanen da ke fita aiki tun gari bai waye ba, shi ya sa biyar da rabi na asuba muke buɗe ƙofa. Ni ce malamar 'yan shekara uku. Idan Semillitas ta rufe, babu wani wuri a garin nan da zai karɓi ɗan talaka da wannan asubar.

Abin da ke riƙe da mu kuwa, bayan Allah, Gidauniyar Veldkamp ce. Dangin Veldkamp sun yi arziki da ƙera kujeru da tebura tun zamanin kakanni, kuma suna bayarwa, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai ba a nema. Babu fom, babu lambar waya, ko allo babu a ƙofar ofishinsu. Duk bayan shekara uku, a makon farko na Fabrairu, tsohuwa Marjorie Veldkamp takan aika 'yan layukan da ta zauna ta rubuta da hannunta, da shuɗin tawada, ta sa a ambulan mai ruwan madara: "Muna gayyatarku ku rubuto mana buƙatunku." Wanda ya samu, ya rubuta. Wanda bai samu ba, ya kama bakinsa. Shekara tara da suka wuce shugaban gidan tarihin garinmu ya tare ta a ƙofar coci, ya ce mata rufinsu yana yoyo. Ta yi masa murmushi, ta tambayi lafiyar matarsa, kuma har yau bai sake ganin shuɗin tawadar nan ba. Ko'ina a duniya mai nema yana tare da samu, amma ban da garinmu.

Sau huɗu wasiƙar tana zuwa mana. Bana makon farko ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya shiga. Ɗakin karatu sun samu tasu. Gidan kula da tsofaffi sun samu. Mu shiru. Amá ta koma fita akwatin wasiƙu sau uku a rana, cikin dusar ƙanƙara, da silifas ɗin cikin gida. Tallafinmu a watan Yuni zai ƙare, kuma shi ne kusan rabin numfashinmu.

Yanzu ku ƙara da wannan: saurayina Wes, wato Wessel Veldkamp, jikan tsohuwar ne. Likitan dabbobi ne, dogo, mai yawan jin kunya, kunnuwansa su yi ja tun kafin ya yi magana. Rashin lafiyar zomon ajinmu ce ta haɗa mu wata goma sha huɗu da suka wuce. Yana zaune a kwamitin gidauniyar, a kujerar da suka ware wa jikoki, kuma tun haɗuwarmu ta uku muka yi alkawari ba za mu taɓa ɗauko zancenta ba.

Ranar Lahadin nan da safe, ranar da zan ci abinci a gidan kakar Wes, na fito daga wanka na tarar da Amá a ɗakina tana goge min koriyar rigata, mai dogon hannu da maɓallai har wuya. Ni baƙar na yi niyyar sawa.

"Wannan za ki sa," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Gidan manya za ki ci abinci, ba jana'iza ba."

"Amá, ba yau na fara zuwa gidan ba."

"Amma yau za ki fara zuwa da baki."

Na san inda aka dosa. Na zauna a bakin gado na fara shafa mai kamar ban ji ba.

"Ba cewa na yi ki roƙa ba, mija, 'yata. Tambaya ce kawai. Ki ce masa, Wes, anya gidan waya ba su ɓatar da wani abu namu ba?"

"Wannan ai roƙo ne aka sa masa riga."

Ta dire dutsen guga da ƙarfi. "To mene ne amfanin soyayyar? Wata goma sha huɗu yaron nan yana cin tamale a teburina har ya yi kumatu, amma ba za a iya tambayarsa kalma ɗaya ba? Ki riƙe shi da kyau, na sha gaya miki, irinsa ba sa zuwa sau biyu. Amma riƙon da ba a amfana da shi ba, dakon banza ne."

Maganar ta yi min zafi, wallahi ta yi min. Sai dai da na dubi fuskarta, fushin ya tafi. Ƙasan idanunta ya yi baƙi, gashinta da take rinawa duk wata ya fito fari daga tushe. Kwana nawa ina jin motsinta tun huɗu na asuba. Na karɓi rigar na sa, ta ɗaure min sarƙar gicciyen kakata a wuya, ta fesa min turarenta da take ɓoyewa sai Kirsimeti.

Wayata ta yi ƙara. Wes ne.

"Ina waje. Ki sa kwat mai kauri, kin san Kaka da rowar ɗumama gida."

Na rubuta: "Amá ta shirya ni kamar za a kai ni kasuwa."

"Nawa aka yi miki kuɗi? In fara tarawa."

Na yi dariya ni kaɗai a bakin ƙofa, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a ranar.

Gidan tsohuwa Marjorie yana kan tudu yana kallon tafki. Idan ba a gaya maka ba, ba za ka ce masu arziki ba ne: dardumar falo ta koɗe a hanyar da ake bi, ita kanta shekararta tamanin da shida tana sanye da rigar sanyi mai ruwan toka da aka yi wa faci a gwiwar hannu. Mu tara ne a tebur, baffannin Wes da matansu. Gasasshen naman sa, dankali, koren wake, abincin da ko barkono bai taɓa jin labarinsa ba. Aka yi addu'a kafin ci, aka karanta nassi bayan an gama. Ina taunawa ina jin tambayar Amá tsaye a maƙogwarona. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na cika shi da dankali.

Da aka tashi, na nufi falo kamar kullum, don a gidan nan baƙo ba ya taɓa kwano, ko cokali ka ɗauka sai a karɓe da murmushi. Sai na ji muryar tsohuwar a bayana.

"Noemí, zo ki taya ni wanke-wanke."

Matan baffannin suka dubi juna. Kunnuwan Wes suka yi jajir, ya ce, "Kaka..." Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya haɗiye sauran.

A kicin ta miƙo min tawul, ita tana wankewa ni ina gogewa. Ba ta yarda da injin wanke kwanuka ranar Lahadi.

"Mako uku," ta ce. "Kin zo gidan nan sau biyu a cikinsu, ba ki ce uffan ba. Na san mahaifiyarki tana can tana cin wuta. Kin burge ni, yarinya."

Gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Na ce a raina, ashe gwaji ne! Ashe jarrabawa ce kuma na ci! Har na fara tsara yadda zan ba Amá labari.

"Saboda haka ba zan bar ki a duhu ba. Ba ɓata wasiƙar ta yi ba. Ni na riƙe ta."

Na tsaya da faranti a hannu. "Mun yi wani laifi ne, Misis Veldkamp?"

"Laifi? Semillitas ce wurin da na fi alfahari da shi a duk garin nan." Ta ɗauraye kofi ta miƙo min. "Mijina Gerrit, kafin ya rasu, shi ya rubuta dokokin gidauniyar. Ya ga yadda wani aboki nasa ya mayar da tasa gidauniyar aljihun surukai, aka yi ta zaginsa har kabari. Sai ya rubuta cewa ko sisi ba za ta je inda jininmu ko surukanmu ke cin abinci ba. Shekara talatin da ɗaya ban karya ba, ko don 'yar cikina."

"Amma ni ai ba..."

"Tun Disamba Wessel ya zo ya karɓi zoben mahaifiyar Gerrit." Ta juyo ta dube ni, idanunta har da ƙwalla. "Na ɓata masa shiri, na sani, zai yi fushi da ni. Amma tun ranar nake lissafa ki a 'yan gida. Shi ya sa kike riƙe da tawul ɗin nan."

Jama'a, kun taɓa jin an yi muku albishir da ta'aziyya a jimla ɗaya? Haka na ji. Mutumin da nake so zai aure ni, kuma ba daga bakinsa na ji ba, daga bakin kakarsa na ji, a gaban kwanukan da suka yi maiƙo.

"Idan na bar aikin fa?" Ban san lokacin da na faɗa ba. "Zan iya koyarwa a wani wuri."

"Mahaifiyarki ce shugaba. Za ta zama surukarmu."

"Idan ita ta sauka?"

Ta yi ɗan murmushi mai tausayi. "Ni Ofelia nake ba wa, ba gini ba. Ki cire ta daga Semillitas, me ya rage? Kin fi ni sani."

Na sani kuwa. Amá ce ke tuƙa mota ta ɗauko yaron da uwarsa ba ta da abin hawa, ita ke zuwa asibiti ta yi wa iyaye tafinta, ita ta san wane gida ne babu abinci.

"Ranar Juma'a nake rufe jerin sunaye," ta ci gaba, tana tsane hannu. "Ambulan ɗinku yana aljihun teburina, tun Nuwamba na rubuta shi. Idan har Juma'a ke baƙuwa ce a gidan nan, zai tafi. Idan 'yar gida ce, zan sa shi a murhu da hannuna, kuma zan yi kuka." Ta shafa kumatuna da yatsunta masu sanyi. "Ni dai son raina, ki zama 'yar gida."

Abin da ya fi ci min rai, ba da mugunta ta faɗa ba. Da mugunta ce da na samu wanda zan tsana.

A mota ban bari Wes ya tada injin ba.

"Ka sani?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. "Noe, bari in yi miki bayani."

"I ko a'a, Wessel."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na karɓi zoben. Ta gaya min a take. Na ɗauka zan shawo kanta. Na kawo maganar a taron Janairu, suka ce in fita daga ɗakin tunda abin ya shafe ni. Minti goma ina tsaye a waje kamar ɗan makaranta. Duka suka bi bayanta."

"Wata biyu!" Muryata ta fashe. "Wata biyu kana zama a teburin uwata, kana ƙarin miya, kana kallonta tana fita leƙa akwatin wasiƙu! Ranar Laraba kai da kanka ka riƙe mata ƙofa!"

"Alkawari muka yi ba za mu yi zancen gidauniya ba."

"Kada ka kuskura ka ɓuya a bayan wannan alkawarin."

Can ya ce, a hankali, "Tsoro na ji. Na san idan kika sani kafin in tambaye ki, za ki zaɓi yaran. Za mu nemo wasu masu bayarwa, Noe. Zan bi gida-gida. Zan sayar da rabona na asibitin dabbobin."

"Rabon naka zai riƙe mu wata nawa? Kuma wa zai ba wurin da Veldkamp suka janye hannu? Kowa zai ce ruwa ba ya tsami banza, sun ga wani abu ne."

Shi ma ɗan garin ne, ya san gaskiya na faɗa. Ya kai ni gida. Da zan fita ya riƙo hannun kwat ɗina, na fizge. Ina son shi, jama'a, kada ku yi zaton wani abu. A lokacin da na fizge ɗin ma ina son shi, har ƙirjina yana ciwo.

Ban kai ga cire takalmi ba saƙonsa ya shigo.

"Yau ƙarfe biyar na shirya zuwa wurin Amá, tun watan jiya. Na koyi yadda ake neman aure a wurinku. Ba zan fasa ba. Ki tsane ni idan kina so, amma zan zo."

Amá tana kicin tana yanka kabeji, tukunyar miyar pozole tana tafasa, gilashin taga ya yi gumi. Ta juyo da wuƙa a hannu, idanunta suna neman amsa a fuskata.

"Kin tambaya?"

"Ba sai da na tambaya ba."

Na ja kujera na zauna na gaya mata komai, tiryan-tiryan, har da tawul ɗin. Da na zo kan zoben, fuskarta ta yi haske, ta dafe ƙirji ta ce, "Ay, mija!" Da na zo kan dokar Gerrit, hasken ya mutu a gabana. Ta ajiye wuƙar. Ta rage wutar murhu. Ta zauna a kujerar da ke fuskantata, ta shiga murza zoben aurenta, wanda ba ta cire ba duk da shekara sha ɗaya da rasuwar babana.

Na jira ta yi faɗa. Na jira ta zagi tsohuwar, ta zagi Gerrit a kabarinsa, ta ce Allah zai buɗa mana wata ƙofa. Wallahi da ta faɗi haka da na rungume ta na ce ni ma na haƙura da auren, da bakina, da son raina.

Amma sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wata goma sha huɗu ai ba wani daɗewa ba ne."

"Amá?"

"Ina nufin, ba ku gama sanin juna ba. Ga shi ma ya ɓoye miki magana." Ta sake murza zoben. "Ba cewa na yi ki rabu da shi har abada ba. Ki ce masa ba yanzu ba. Wasiƙar ta zo, a sa hannu. Shekara uku ne kawai, mija. Kafin nan na samo wasu hanyoyin. Idan yana sonki zai jira."

"Da safen nan kika ce irinsa ba sa zuwa sau biyu."

"Da safe ban san abin da na sani yanzu ba!" Ta buga tebur, sai kuma ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa gani a wurinta ba, har kafaɗunta suna girgiza. "Me zan ce wa iyayen nan? In ce su bar aiki? In ce su kulle 'ya'yansu a ɗaki su tafi, kamar yadda na riƙa kulle ki kina shekara huɗu? Kin manta, ni ban manta ba. Don kada wata uwa ta sake yin haka na buɗe wurin nan."

Ban manta ba. Na tuna ƙarar makullin, na tuna kofin madarar da take ajiye min a ƙasa. Ban taɓa gaya mata na tuna ba.

"Bayan shekara ukun fa?" na ce. "Fabrairu zai sake zagayowa. Sai ki ce in ƙara uku?"

Ta goge ido da gefen rigar girkinta kawai, kuma wannan ya ishe ni amsa.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Biyar saura minti biyu.

Na kasa tashi. Amá ce ta miƙe, ta wanke fuska a famfo, ta gyara gashinta, ta je ta buɗe. Daga inda nake zaune ina hango shi. Ya canza kaya, ya sa baƙar kwat da laktaye, dusar ƙanƙara a kafaɗunsa, furanni a hannu ɗaya, ɗayan hannun a cikin aljihu yana damƙe da abin da duk muka sani. Bai nemi ni ba. Gaban Amá ya tsaya, ya cire hula, kamar yadda samarinmu ke yi idan sun zo neman 'ya. Da Sifaniyancinsa na koyo, yarenmu na gida, wanda ya haddace yana tuntuɓe a kowace kalma, ya ce ya zo da girmamawa, yana roƙon ta ba shi auren 'yarta.

A raina ina roƙonta, Amá, ko me za ki ce, ki faɗa da bakinki. Ki ce i, ko ki ce a'a, ki ɗauke min wannan kayan.

Ta karɓi furannin. Ta shafa kafaɗarsa, ta kakkaɓe masa ƙanƙarar. Sannan ta matsa gefe, ta buɗe masa hanya har ya hango ni a kujerar kicin, da koriyar rigata da idanuna da suka kumbura.

"Ba ni za ka tambaya ba, ɗana," ta ce, muryarta a daidai kamar ba ita ta gama kuka ba. "Ga ta nan. Na raine ta da kyau, ta san abin da ya kamata."

Ya tako ya durƙusa a gabana, ya buɗe ɗan akwatin. Ta bayan kansa kuwa, uwata tana tsaye rungume da furanninsa, tana girgiza min kai a hankali.